Farin abin da ke fitowa yana motsi: amsa ga mai fama da tsila

"Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne a Jega, shekarata 36. Wata bakwai ke nan ina ganin wani farin abu mai faɗi, kamar guntun taliya, a cikin bayan gidana. Wani lokaci ko ban zaga ba sai in ji abu yana tafiya, in duba in gan shi a wando yana motsi. Sau uku ina sayen maganin tsutsar ciki a kemis, ya ɗauke kwana kaɗan ya dawo. Wani ya ce basir ne, wani ya ce sammu ne. Ban taɓa cin naman alade ba, amma ina son tsire da balangu. Mene ne wannan, kuma iyalina za su iya ɗauka daga wurina? Kunya ta hana ni zuwa asibiti."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya ba ka lafiya. Kana son sanin sunan wannan abu, da dalilin da ya sa maganin kemis ya kasa raba ka da shi, da kuma ko maiɗakinka da yara suna cikin haɗari. Ka fara kwantar da hankalinka. Farin abu mai faɗi da ke fitowa da kansa yana motsi, babu abin da ya fi kama da shi kamar tsila, kuma tsilar naman shanu. Basir kumburin jijiyoyin jini ne a dubura, naman jikinka ne, ba ya rabuwa da kai ya yi tafiya a wando. Sammu kuwa ba shi da hannu a nan. Wannan halitta ce da ake gani da ido, an san ta inda take shiga, kuma maganinta yana cikin mafi sauƙin abin da nake rubuta wa marasa lafiya.

Sai dai daga nesa nake magana, ban ga abin da idona ba, ban kuma taɓa cikinka ba. Akwai wasu tsutsotsin da mutane ke rikita su da ita. Macijin ciki zagayayye ne, dogo, kamar tana. Akwai kuma wata 'yar siririya kamar zaren ɗinki, tsawonta kusan santimita ɗaya ne, wadda ke hana yara barci da ƙaiƙayin dubura. Taka mai faɗi ce, tana miƙewa tana tsukewa, shi ya sa na fi karkata ga tsila. Tabbatarwa dai aikin ɗakin gwaji ne.

Abin da ke cikin hanjinka

Abin da kake gani a wando ba shi ne tsutsar ba, gaɓa ɗaya ce daga jelarta. Uwar tana can cikin ƙaramin hanji. A littattafan likitanci ana kiranta Taenia saginata. Kanta bai wuce kan allura ba, yana da bakin zuƙa guda 4 da take manne wa bangon hanji da su. Daga wuyanta gaɓoɓi ke tsirowa ɗaya bayan ɗaya, har su kai 1,000 zuwa 2,000, tsawonta kuma ya kan kai mita 4 zuwa 10, wani lokaci fiye. Ba ta da baki ba ta da ciki. Abincin da hanjinka ya riga ya narkar take tsotsa ta fatarta.

Gaɓoɓin ƙarshe su ne suka nuna, kowace ɗaya cike take da ƙwai, har kusan 100,000 a gaɓa guda. Kullum 'yan kaɗan ke tsinkewa su sauko. Na tsilar shanu suna da ƙarfin rarrafe, shi ya sa ba sa jiran ka zaga. Wannan alama ita ce ta fi komai nuna mana irin tsilar da muke fama da ita. In ba a kashe ta ba, tana iya shekara da shekaru a cikin mutum.

Yawancin masu ita ba sa jin wani ciwon kirki. Wani ya ce cikinsa na murɗawa sama-sama, wani tashin zuciya, wani yunwa ba ƙaƙƙautawa, wani kuma abincin ne ya fita ransa har ya ɗan rame. Da wuya sosai gaɓa ta ɓace hanya ta toshe wani lungu na hanji ko hanyar matsarmama, amma yana faruwa, shi ya sa ciwon ciki mai tsanani da amai ba abin zama a gida ba ne. A iya abin da na gani, wahalar da ta fi cin mutane ita ce ta zuci. Na taɓa duba wani magidanci da ya daina shiga sahun gaba a masallaci fiye da shekara, kullum yana tsoron abin zai faɗo masa a gaban jama'a, ko matarsa bai faɗa wa ba. Ya zo ne da ƙorafin ciwon kai da rashin barci, sai da muka daɗe muna hira ya fito da ainihin damuwarsa. Ƙwaya ɗaya ta raba shi da abin. Har yau ina jin zafin wannan shekarar da ya yi yana ɓoyewa, kuma ita ce ta sa ba na son ka ƙara ko mako guda.

Daga makiyaya zuwa tukuba

Tsilar shanu ba ta da gida sai biyu: hanjin mutum da tsokar saniya. Mai ɗauke da ita ya tsuguna a gona ko a bakin mashaya ko a gefen burtali. Ƙwan ya warwatsu a ciyawa, kuma a wuri mai danshi da inuwa yana iya watanni bai mutu ba. Saniya ta zo ta ci. Ƙwan ya fashe a cikinta, ɗan tsutsar ya huda hanji ya bi jini ya sauka a tsoka, ya zama 'yar farar jaka mai ruwa, girmanta tsakanin ƙwayar shinkafa da ƙwayar wake, da kan sabuwar tsila a naɗe a ciki. Ya fi son naman da ba ya hutawa: zuciya, harshe, naman muƙamuƙi, da tsokar numfashi da ta raba ƙirji da ciki. Saniyar kuwa ƙalau take, ga ƙiba ga sheƙi, babu mai gane ta a kara.

In mutum ya haɗiye wannan jaka da ranta, kan ya warware ya kama hanji. Cikin wata 2 zuwa 3 ta girma ta fara zubar da gaɓoɓi. Ke nan naman da ya jawo maka wannan ka ci shi ne wajen wata tara ko goma da suka wuce, ko ma fiye. Kada ka wahalar da kanka da neman wane mai nama ne, kada kuma ka zargi na bakin layinku. Mai yiwuwa shi ma bai ga komai ba.

Yanayin ƙasarmu yana taimaka wa wannan zagaye. Ka dubi fadamar gulbin Zamfara da ya bi ta gefen garinku. Da damina ruwa ya cika ya kwashe ƙazantar da ke bayan gari da bakin gulbi, ya shimfiɗa ta a fadama. Da ya janye, ciyawa ta fito shar, shanu suka sauko. Ga kuma masu kwasar masai da ke juye abin da suka kwaso a gonaki da sunan taki, bayan girbi kuma a saki dabbobi su ci kara da harawa a wurin. Mutum ɗaya mai tsila yana iya ɓata makiyaya guda. Mukan ɗora laifin a kan mahauci da Bafillace, alhali saniya ba ta samun wannan cuta daga ko'ina sai daga kashin ɗan Adam. A 2019 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da gangamin hana bahaya a fili, amma tun kafin gwamnati addininmu ya yi hani mai tsanani ga yin bayan gida a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa. Kai da kake ɗauke da ita yanzu, wannan ya hau kanka fiye da kowa. In kana kan hanyar cin kasuwar ƙauye, ka nemi masai. In babu, ka tona rami mai zurfi ka binne, nesa da ruwa da wurin kiwo.

A kwata, malaman dabbobi kan tsaga muƙamuƙi da zuciya da harshe su duba. In jakunkunan sun yi yawa a hana sayar da naman. Aikinsu na da amfani ƙwarai, sai dai saniyar da ke da 'yan ƙwarori kaɗan a warwatse tana iya wucewa ba a gani ba, domin ba za a yayyanka kowace tsoka ba. Ga kuma yankan da ba ya bi ta kwata ko kaɗan: na suna, na biki, watandar sallah, da san layya da mutum bakwai ke haɗuwa a kai. Saboda haka mai tsaron ƙofa na ƙarshe wuta ce.

Tsire, balangu da kilishi

Ba zan ce ka bar tsire ba. Zafi ne ke kashe jakar, kuma ba zafi mai yawa take buƙata ba. A ƙa'ida ana so tsakiyar gunduwar nama ta kai digiri 63 a ma'aunin Salshiyas, niƙaƙƙen nama kuma digiri 71. Babu mai zuwa tukuba da ma'auni, don haka ido za ka sa: a tsaga wurin da ya fi kauri, in akwai ja ko ruwan jini-jini a ciki, a mayar kan wuta.

Tsire yankansa siriri ne, in an bar shi ya zagaya wuta yadda ya kamata yakan gasu har ciki. Matsalarsa lokacin cunkoso ne, ranar kasuwa ko bayan sallar isha, mutane sun yi layi kowa na cewa a sallame shi, sai a zare tsinken da bai jima da hawa ba, a barbaɗa ƙuli da yaji su rufe launinsa. Balangu ya fi ba ni tsoro. Katon yanki a kan wuta mai harshe, waje ya yi baƙi ya yi ƙamshi, tsakiya kuwa ɗumi kawai ta ji. Wasu ma da bakinsu suke cewa a ba su mai ruwa-ruwa don ya fi taushi. In ka saya, ka sa a yanka maka ƙanana a sake ɗora su kan waya su ɗauki wuta sosai. Mai naman kirki ba ya jin haushin wannan.

Kilishi ya sha rana sau biyu sannan ya ga wuta, kuma fallensa kamar takarda yake, don haka haɗarinsa kaɗan ne matuƙar an yi masa gashin ƙarshe. Shanya kaɗai ba abin dogaro ba ce, haka ma hayaƙi. Yaji da gishirin da aka barbaɗa da lemun tsami ba sa kashe komai, ɗanɗano kawai suke gyarawa. Dambun nama, farfesu, naman miya da soyayyen naman sallah da ya sha mai har ya ƙame, duk babu damuwa a kansu. Inda uwargida za ta kula shi ne ɗanɗana nama kafin ya nuna, da ɗan yankin zuciya da ake jefawa kan garwashi ranar yanka a miƙa wa yara yana ɗanye-ɗanye. Mahauta ma da ke jefa guntun ɗanyen nama a baki suna cikin aiki, na sha ganin tsila a cikinsu. A ƙasar Habasha, inda ɗanyen naman shanu abincin alfarma ne, tsila ta zama ruwan dare tun zamanin da.

Sanyi ma yana kashe ta, amma sai nama ya daskare a digiri 10 ƙasa da sifili na kwana 10 a jere. Firizar da wuta ke zuwa mata ta ɗauke, naman ya saki ya sake kamawa, ba za ta cika wannan sharaɗi ba.

Naman rago da akuya ba ya ba mutum wannan tsila. Jakar ruwan da akan gani tana reto a jikin kitsen ciki ko hantar rago ta wata tsila ce da ke girma a hanjin kare. A yanke ta a ƙone ko a binne, kada a jefa wa karnuka, musamman in a cikin hanta ko huhu aka same ta, domin akwai irin da kare ke mayar wa mutane ta kashinsa.

Dalilin da maganin kemis ya kasa

Abin da aka fi miƙa wa mai neman maganin tsutsa shi ne albendazol ko mebendazol, a sha sau ɗaya. Magunguna ne masu kyau ga macijin ciki da danginsa, amma shan sau ɗaya ba ya cika kashe tsila. Yana iya girgiza ta ta zubar da wani sashe na jiki, ka ga abin ya ɗauke. Kan nan dai yana manne, kuma muddin yana nan sai ya sake saƙa sabuwar jela. Haka sassaƙe da jiƙon da ke sa gudawa suke yi: mutum ya ga zira'i biyar ya fito ya yi hamdala, bayan wata biyu abu ya dawo. Ina roƙonka kada ka kusanci kananzir ko kanwa mai yawa ko wani haɗin da ba a san abin da ke ciki ba. Na karɓi waɗanda irin wannan ya ƙona musu ciki, tsilar kuma tana nan daram.

Maganinta na asali shi ne firazikwantal, a jikin kwali za ka ga an rubuta Praziquantel. Mutanen Kebbi da Zamfara sun san shi, shi ne wanda ake raba wa 'yan makaranta saboda tsargiya. Na tsila ma bai kai yawan na tsargiya ba: miligiram 5 zuwa 10 ga kowane kilo na nauyin jiki, sau ɗaya tak. Ƙwayar miligiram 600 ce, don haka mai nauyin kilo 60 ƙwaya ɗaya ta ishe shi. Ana sha bayan an ci abinci, a haɗiye da ruwa ba a tauna ba saboda ɗaci. Yana iya kawo jiri ko tashin zuciya na 'yan sa'o'i, don haka ranar kada ka hau babur ko ka tuƙa mota. Akwai wani mai suna nikilosamaid, babba yana tauna giram 2, sai dai ba ko'ina ake samunsa ba. Albendazol ɗin ma yana aiki in an sha miligiram 400 kullum kwana 3 a jere.

Na faɗi adadin ne don ka fahimci abin da za a rubuta maka, ba don ka wuce kemis kai tsaye ba. Mai shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya, waɗannan suna rage wa firazikwantal ƙarfi. Mai juna biyu da ƙaramin yaro sai an auna an duba. Akwai kuma dalili mafi girma, wanda ya kai mu ga maganar alade.

Alade, da batun iyalinka

Tsilar shanu ba ta tsallakawa daga mutum zuwa mutum. Ƙwanta saniya yake nema, ko ya shiga cikin ɗan Adam ba ya kama shi. Kwanciya ɗaki ɗaya, cin tuwo kwano ɗaya, buta ɗaya, duk ba za su ba iyalinka ita ba. Amma ledar naman da ka shigo da ita gida tare kuka ci, don haka ka tambayi maiɗakinka a asirce, ita kuma ta riƙa duba fo ɗin ƙanana ta tambayi manyan.

'Yar'uwarta ta alade, Taenia solium, ita ce mai haɗari, kuma a nan Musulmi da yawa ke sakin jiki. Gaskiya ne wanda bai ci alade ba tsilar ba za ta girma a hanjinsa ba. Amma ƙwanta, saɓanin na shanu, yana kama mutum. In mai ɗauke da ita bai wanke hannu da sabulu ba ya taɓa abinci, ko kashinsa ya shiga ruwan sha ko lambun latas da kabeji, duk wanda ya haɗiyi ƙwan jakunkunan nan za su iya fitowa a tsokarsa, ko idonsa, ko ƙwaƙwalwarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a yankuna da yawa da cutar ta yi katutu, ita ce sanadin kusan kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya. A 1992 likitoci a Amurka sun ba da rahoton wasu Yahudawa masu tsananin riƙo da addini a birnin Niyok, waɗanda alade haramun ne a gare su kamar mu, da aka samu jakunkunan a ƙwaƙwalwarsu, kuma bincike ya karkata ga masu aikin gida da suka zo daga ƙasashen da cutar take. A kudancin jiharmu, wajen ƙasar Zuru, akwai gidajen da ke kiwon alade, kasuwa ɗaya muke ci, mota ɗaya muke shiga. Wannan ba dalilin ƙyamar kowa ba ne, maƙwabtanmu ne kuma su cutar ta fi cutarwa. Dalili ne na wanke hannu da sabulu bayan an zaga da kafin a taɓa abinci, da wanke ɗanyen ganye da ruwa mai tsabta.

Inda wannan ya shafe ka shi ne, firazikwantal yana kai wa har ƙwaƙwalwa. In akwai jakar da ke kwance a can ba a sani ba, maganin na iya tayar da kumburi a kewayenta, mutum ya faɗi yana jijjiga. Shi ya sa kafin in rubuta shi nakan tambayi kowa: ka taɓa faɗuwa irin ta farfaɗiya, kana da ciwon kai mai tsanani da ya daɗe, ganinka ya canza, akwai 'yan ƙulluttai a ƙarƙashin fatarka? In amsar ɗaya ta zama e, sai an yi hoton ƙwaƙwalwa tukuna, wanda sai a manyan asibitoci irin na Birnin Kebbi ko Sakkwato.

Ga abin da za ka yi. Gaɓa ta gaba da ta fito, kada ka taɓa ta da hannu. Ka ɗauke ta da tsinke ka saka a kwalba mai tsabta mai murfi da ɗan ruwa, ka wanke hannunka, ka kai babban asibitin da ya fi kusa da kai. In bakinka ya yi nauyi, miƙa kwalbar kawai ya isa, duk ma'aikacin lafiya zai gane. Gaɓar ta fi gwajin bayan gida amfani, domin a ƙarƙashin madubin gwaji ƙwan tsilar shanu da na alade kamarsu ɗaya, amma in aka danne gaɓar aka ƙirga rassan da ke cikinta, ta shanu takan nuna 15 zuwa sama a kowane gefe, ta alade 13 zuwa ƙasa. Kuma gwajin bayan gida na rana ɗaya yana iya fitowa babu komai alhali tana nan, shi ya sa akan nemi a kawo na ranaku 3 daban-daban.

Bayan ka sha magani, kada ka tsaya tonon neman kan. Sau da yawa yana fita a narke, ba a gane shi. Kwana biyu zuwa uku na farko abin da zai fita cike yake da ƙwai, don haka masai kaɗai za ka shiga, wandunanka kuma a wanke su da ruwan zafi a shanya a rana. Ka rubuta ranar da ka sha. Ka koma a sake gwaji bayan wata 1, sannan bayan wata 3. In wata ukun sun cika ba ka sake ganin gaɓa ba, kan ya mutu. In ta sake fitowa, ka koma wurin wanda ya duba ka da farko a maimaita maganin, ka kuma tafi da kwalin wanda ka sha a duba ingancinsa da ranar lalacewarsa. Allah ya sawwaƙe, ya ba ka lafiya mai ɗorewa.